Ya yi min halacci, yanzu yana so in sa hannu a kan tanderun da ya faɗi gwaji

Assalamu alaikum Kawu. Ni 'yar Zariya ce, na karanta injiniyancin ƙarafa, yau shekara biyu ke nan ina aiki a wani ƙaramin kamfani a tsakiyar Ingila da ke gasa ƙarafan jirgin sama. Ni ce mai duba inganci, ba kayan da ke fita sai na sa hannu cewa an gasa su yadda ƙa'ida ta ce. Ranar Alhamis muka yi gwajin wata-wata, na duba ko zafi ya yi daidai a kowane lungu, na tanderun da muke gasa alminiyom samfurin 2024 a ciki (2024 lambar nau'in alminiyom ɗin ce, ba shekara ba). An saita shi a digiri 493 a ma'aunin Celsius, sai wayar awon zafi ta kusurwar baya ta sama ta nuna 503. Da aka buɗe, ashe farantin da ke karkata iska ne ya kwance. Aka gyara, aka sake gwaji ranar Juma'a, ya ci. Yanzu manajan sarrafa kaya ya ce in ajiye sakamakon Juma'a kaɗai a fayil, in manta da na Alhamis, in sa hannu a kan kwando uku na kayan da aka gasa da ke jiran fita, tunda duk sun ci gwajin tauri. Akwai wasu kwandunan da suka riga suka tafi cikin watan. Kawu, mutumin nan shi ya tsaya min aka ɗauke ni, shi ya sa kamfani ya ɗauki nauyin bizata, ranar da mahaifiyata ta rasu shi ya kai ni filin jirgi da motarsa. Babana yana wankin ƙoda, kuma da albashina ake yi. Masu binciken Nadcap, tsarin da ke tantance masana'antun kayan jirgin sama ya ba su shaida, za su zo nan da mako shida. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Litinin. Barci ya gagare ni. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba Baba lafiya. Kin yi dabara da kika nemi zuwa Litinin. Da yawa nan take suke sa hannu saboda nauyin ido, sai sun koma gida abin ya fara cin ransu.

Kada ki sa hannu, kuma kada ki taɓa sakamakon Alhamis. Na san ke ma kin san haka, shi ya sa barci ya ƙaurace miki. Abin da kike nema a wurina shi ne yadda za ki ƙi ba tare da kin zama butulu ba, ba tare kuma da kin toshe hanyar kuɗin asibitin Baba ba. To mu fara da ƙarfen, don a nan ne hujjar manajanki ta fi rauni.

Ya ce kayan sun ci gwajin tauri. Na yarda sun ci, kuma da an kara musu na'urar awon gudun lantarki wataƙila ita ma ta ce lafiya lau. Amma ki tuna abin da aka koya miki game da 2024. Ana kai shi wajen 493 ne domin sinadaran jan ƙarfe da magnisiyom ɗin da ke cikinsa su saje da jikin alminiyom, sannan a tsunduma shi cikin ruwa cikin 'yan daƙiƙoƙi kafin su sake warewa. Matsalar wannan samfurin ita ce a wajen 502 wasu ɓangarori na cikinsa suke fara narkewa, musamman a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen. Digiri tara kacal tsakanin daidai da ɓarna. Dalilin ke nan da ya sa ake gasa shi a tanderu mai aji na 2 a AMS 2750, ƙa'idar awon zafin tanderu, wanda ba a yarda ya kauce da fiye da digiri 6 sama ko ƙasa ba. Wato 499 ne iyakarki. Wayarki ta nuna 503.

Ki kawo katangar bulo a ranki, irin wadda birkila ya yi wa ƙwauron siminti. Bulon garau yake, ki ƙwanƙwasa shi da ƙusa ki ji ƙara. Amma abin da ya riƙe wannan bulo da wancan ya zama gari. Gwajin tauri bulon yake ƙwanƙwasawa: ƙaramar ƙwallon ƙarfe ce ake dannawa a fatar kayan a auna zurfin ramin. Ba ruwansa da abin da ya faru tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Wannan sai an yanka, an goge, an sa a madubin ƙara girma. Katangar kuma ba ranar da aka gina ta take faɗuwa ba. Jirgi ya tashi ya sauka sau dubbai, ƙarfen ya miƙe ya koma, zafi da sanyi su yi ta karɓa-karɓa a kansa, sai tsaga ta sami hanyarta ta inda aka ƙona. Abin takaicin ma, irin wannan ƙuna ba ta gyaruwa. Da zafin gaza kaiwa ya yi, sau da yawa ana iya sake gashi in ƙa'idar mai kaya, wato kamfanin da ya ba ku aikin, ta yarda. Wanda ya narke kuwa ya tafi ke nan.

Wani abu da nake yawan gaya wa matasan da suka shigo wannan sana'a: maƙerin garinmu yana da ido. Yana zuga wuta, yana kallon ƙarfen a bakin awartaki, in ya yi ja yadda yake so sai ya ciro ya tsoma a ruwa. Launi ne ma'auninsa. Alminiyom ba ya ba ki wannan damar, fari yake shiga, fari yake fitowa, ko an ƙona shi ko ba a ƙona ba. Ba ki da ido a cikin tanderun nan sai wayoyin awo, kuma ba abin da ya rage bayan an gama gashi sai abin da suka rubuta. Shi ya sa masu ƙera jirage suke ware gashin ƙarfe cikin ayyukan da suke kira na musamman, waɗanda ba a iya tabbatar da kyansu ta duba kayan bayan an gama, sai dai a lalata su. Kamfanin da zai ɗaura ƙarfen nan a fiffike bai ga tanderunku ba. Matuƙin da zai tashi da shi bai san akwai garinku ba. Takardarki ce shaidarsu, ita kaɗai. In kika cire shafin Alhamis kin ba da shaidar zur ke nan, ko da kowace lamba da ta rage a fayil ɗin gaskiya ce.

Yanzu ga inda nake ganin ku biyun kun yi kuskure iri ɗaya. Shi yana ganin kayan lafiyarsu ƙalau, ke kina tsoron sun lalace, kowa yana ɗaukar cewa shi zai yanke hukunci. Ba hurumin ɗayanku ba ne. Wanda ya zana kayan, wanda ya san nauyin da za su ɗauka da inda za a ɗaura su, shi ne mai ikon cewa a yi amfani da su haka ko a zubar. Naki shi ne ki rubuta abin da ya faru, ki tara hujja, ki miƙa masa. Ki lura da sauƙin da ke cikin wannan. Ba wanda ya ɗora miki rantsuwa cewa kayan sun ɓaci. Abin da ba za ki iya ba kawai shi ne rantsuwa cewa ba abin da ya faru.

Kuma mai yiwuwa ne ƙwarai yawancin kayan su tsira, in kika yi aikin injiniya maimakon aikin ɓoyo. AMS 2750 ba ta ce tanderu ba zai taɓa faɗuwa gwaji ba. Ta san zai faɗi. Abin da ta ce shi ne in ya faɗi a gano dalili, a rubuta, a gyara, sannan a waiwayi duk abin da aka gasa tun daga gwajin ƙarshe da ya ci, a auna ko abin ya shafe shi. To ki waiwaya. Ki fara da wayar da ta nuna 503: takardar shaidar cewa an daidaita awonta tana nan? An sa lissafin gyaran karatunta daidai? Amma kada ki yaudari kanki a nan, tunda an buɗe an ga farantin a kwance, kuma da aka ɗaure shi kusurwar ta dawo daidai, wayar ba ta yi ƙarya ba. Sai ki koma ga tambayar da ta fi amfani: yaushe farantin ya kwance? Ki ciro rikodin kowane gashi na watan, ki jera su. In tanderun yana da wayar sa ido a ɓangaren da ya fi zafi, ko kuna sa waya a jikin kaya, za ki iya ganin ranar da layin ya fara hawa. Ki duba littafin masu gyara, ki tambayi mai aikin dare ko ya ji wata ƙara, ko ya ga lokacin kai zafi ya sauya. Ma'aikatan tanderu sun fi kowa sanin halinsa, sai dai ba a cika tambayarsu ba. Sannan ki duba taswirar lodin kowane kwando. Cikin wayoyi tara da aka baza, kusurwa takwas da tsakiya, ɗaya ce ta haura. Kwandon da aka yi wa lodi rabi, kayan suna ƙasa ta gaba, labarinsa daban da wanda aka cika har sama ta baya. A ƙarshe ki zaɓi kaya ɗaya ko biyu daga kusurwar da ta fi zafi a kowane kwando cikin ukun da ke hannunku, a yanka, a duba a madubi. Asarar guda biyu ba komai ba ce in za ta wanke ɗari.

Da wannan a hannunki za ki buɗe rahoton kayan da suka saɓa ƙa'ida, wanda kuke ce wa NCR, ki killace kwandunan uku, ki rubuta wa mai kaya neman sassauci tare da hotunan madubi. Waɗanda suka riga suka tafi kuma dole a sanar da masu su, da lambar kowane kwando da ranar gashinsa. Wannan ne ɓangaren da zai fi yi wa manajanki ɗaci, na sani. Amma yau kayan suna kan kanta a sito, ko a layin haɗawa. Bayan wata shida suna cikin jirage a ƙasashe daban-daban, kuma kuɗin ciro su a lokacin ya isa ya rufe kamfani irin naku.

Batun Nadcap kuma, ina ganin manajanki bai yi lissafi da kyau ba. Tun 1990 ake wannan bincike, kuma masu zuwa duba gashin ƙarfe galibi mutane ne da suka tsufa a gaban tanderu. Ba fayil ɗin da kika miƙa kaɗai suke karantawa ba. Za su ga littafin gyara ya ce an ɗaure faranti ranar Alhamis da yamma, su tambaya me ya sa aka buɗe tanderun. Za su ga littafin amfani da wayoyin gwaji ya nuna an yi amfani da su sau biyu a mako ɗaya. Na'urar rikodi ta lantarki tana ajiye komai da kwanan wata da lokaci, kuma ƙa'idar ta hana a iya sauya abin da ta rubuta ba tare da an gane ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a wurin da kowane abu yake da littattafai uku. Tanderun da ya faɗi gwaji aka bi shi da bincike mai kyau, mai bincike zai karanta ya wuce, wani lokaci ma ya yaba. Gwajin da aka ɓoye kuwa shi ne irin abin da ke janyo a dakatar da shaidar kamfani, kuma manyan masu ba ku aiki suna ganin sakamakon.

In kuma abin ya tonu, wa za a kama? Ki duba abin da ya faru a Amurka. Kamfanin Sapa Profiles na jihar Oregon ya yi shekara 19, daga 1996 zuwa 2015, ana sauya sakamakon gwajin ƙarfin alminiyom, wanda ya faɗi a mayar da shi ya ci. Binciken NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya ɗora wa kayansu alhakin asarar taurarin ɗan'adam biyu, ɗaya a 2009 ɗaya a 2011, lokacin da murfin roka ya ƙi rabuwa, asarar da ta haura dala miliyan 700. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 46 a 2019. Wanda ya tafi kurkuku shekara uku shi ne shugaban ɗakin gwaji. Sai kuma Elaine Thomas, masaniyar ƙarafa a wata masana'antar zubi da ke Tacoma, wadda ta yi shekaru sama da 30 tana gyara lambobin gwajin ƙarfen jiragen ƙarƙashin teku na sojan ruwan Amurka. Hujjarta ita ce a ganinta gwajin da ake nema a matsanancin sanyi ba shi da ma'ana. Irin maganar manajanki ce sak: ai kayan lafiyarsu ƙalau, takarda ce kawai. A 2017 wani da ake koya wa aikinta ya lura da lambobin, a 2022 aka yanke mata shekara biyu da rabi, tana da shekara sittin da wani abu. Hatimin da ke kan takarda shi ake bi. Maganar da aka gaya miki a tsaye a bakin ƙofa ba ta da hatimi.

To sai halacci, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Mutumin nan ya yi miki alheri na gaske, kuma ba zan ce miki mugu ne ba. Mai yiwuwa shi ma wani ne ya danne shi daga sama, ga ranar kai kaya ta wuce, ga mai kaya yana ta waya. Amma ki raba abu biyu. Bashin da yake binki na mutunci ne: ki girmama shi, ki tsaya masa ranar da ya shiga matsala, kada ki ci naman bayansa, kada ki kunyata shi a gaban mutane. Sa hannunki ba ya cikin abin da za ki biya da shi, domin ba naki ba ne ke kaɗai, amanar mutanen da za su hau jirgin ce aka ba ki ajiya. Ba a biyan bashi da kayan ajiya. In ma kin duba da kyau, sakayyar da ta fi masa amfani ita ce ki hana shi jefa kansa a rami, ki kuma zo masa da tsani.

Saboda haka Litinin kada ki shiga ofishinsa da wa'azi, kada kuma ki yi maganar a gaban ma'aikata. Ki same shi shi kaɗai, da takarda ɗaya a hannunki: ga kwandunan da abin ya shafa, ga waɗanda nake ganin za su fita da wuri, ga kwanakin da yanka da dubawa za su ɗauka, ga wasiƙar da na tsara wa mai kaya. Ki gaya masa a fili cewa ba ki manta abin da ya yi miki ba, kuma ba za ki iya cire gwajin Alhamis ba, domin littafin gyara da na'urar rikodi za su tona ku ku biyun. Ki ba shi damar ya zama shi ne zai kai maganar sama tare da ke. Mutane da yawa in aka nuna musu ƙofar fita da mutuncinsu, bi suke yi. Bayan kun rabu ki aika masa imel gajere, ba zargi a ciki, mai cewa kamar yadda muka tattauna, na buɗe NCR a kan gwajin Alhamis, ga matakan da za mu bi. Ki sa shugaban sashen inganci a ciki. Af, ban ji kin ambace shi ba ko sau ɗaya a wasiƙarki, kuma wannan ya ba ni mamaki. A AS9100, tsarin kula da inganci da kamfaninku yake bi, sashen inganci yana da hanyarsa ta kaiwa ga shugabannin kamfani ba sai ta hannun masu sarrafa kaya ba. Manajan sarrafa kaya ba shi ne mai ba ki umarni a kan hatiminki ba, ko da shi ya kawo ki.

In ya ƙi, ko aka fara yi miki barazana, ga abin da ya kamata ki sani. A Birtaniya akwai dokar kare masu fallasa ta 1998. Korar ma'aikaci saboda ya kai rahoton abin da ke barazana ga lafiya da rayuka, ko rahoton ɓoye irin wannan, kora ce ta zalunci kai tsaye a idon doka, kuma ba a duba daɗewarsa a aiki. Akwai ƙungiyar Protect da ke ba da shawara kyauta a asirce, akwai Acas mai sasanta rikicin ma'aikata da masu ɗaukar aiki, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta CAA tana karɓar irin wannan rahoto. Ki kira Protect tun kafin abu ya yi tsami, ba bayan ya yi ba. Ki riƙa rubuta wa kanki abin da aka ce, da ranar da lokacin, a littafinki na gida. Amma kada ki kuskura ki tura zanen kaya ko takardun mai kaya zuwa imel ɗinki na kanki da sunan tara hujja. Yawancinsu suna ƙarƙashin dokokin sirri da na fitar da fasaha, kuma da wannan kaɗai za a iya korarki da hujja mai ƙarfi, a bar maganar tanderu a gefe.

Ba zan ɓoye miki ba, doka tana biyan diyya ne bayan an yi ɓarna, ba ta hana a yi. In aikin ya tafi, mai biza irin taki yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa. Don haka ki gyara takardun neman aikinki a daren nan, ba don na tabbata za a kore ki ba, sai don ki shiga ofishin nan ba da rawar jiki ba. Wanda ya iya AMS 2750 hannu da ƙafa, ya taɓa zama gaban mai binciken Nadcap, ba ya yawa a kasuwa, kuma yankin da kike cike yake da masu irin wannan aiki daga Birmingham har Derby. Wadda aka kora don ta ƙi sa hannu tana da abin faɗa a intabiyu. Wadda aka kama da sauya rikodi kuwa ta rasa aikin, ta rasa bizar, ta rasa sana'ar gaba ɗaya, kuma a lokacin ne kuɗin wankin ƙoda zai tsaya cak.

Ki kira babban wanki ko wanda kuke raba nauyin Baba da shi, ki ce masa akwai yiwuwar wata biyu su zo da tangarɗa, a fara tunanin inda za a toshe. Shi Baba ba sai kin ɗora masa lissafin ba, ki ce ya sa ki a addu'a kawai, akwai wata magana a wurin aiki. Ki ci abinci, ki kwanta da wuri ranar Lahadi.

Litinin ki riga kowa zuwa. Kafin ki cire rigar sanyi, ki ɗauki jan tikiti uku na killace kaya ki ɗaura a kwandunan nan, ki rubuta kwanan wata, ki sa hannu a kansu. Daga nan ki haɗa shayi, ki jira shi ya iso. In an yanka an duba, ki rubuto min abin da madubin ya nuna.